Daga New Bell Zuwa Yassa: Shin Sabuwar Unguwa Lami Ce?

Kawuna ya shekara arba'in da ɗoriya a New Bell kafin Allah ya hore masa ya gina nasa gidan a Yassa, can bakin Duwala ta gabas, a kan hanyar Yawunde. Gida ne na gani na faɗa: ɗakuna biyar, tayil har tsakar gida, rijiyar burtsatse, doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ranar da na je yi masa barka da tarewa na yi sallama sau uku ba amsa, sai da na kira shi a waya sannan aka buɗe. Ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki, muka dawo falo muka zauna, aka kawo ruwa.

Na ce, "Kawu, ai yanzu ka huta."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na huta, ɗana, alhamdu lillahi. Ruwan sama ba ya shigo mini ɗaki, ba na kwana da fargabar gobara. Amma unguwar lami ce. Yau kwanana goma sha biyu da tarewa, ban da kai ba wanda ya yi mini sallama."

Tun daga ranar kalmar nan take yi mini yawo a rai. Abinci lami ya dahu, ya ƙosar, ba ya cutarwa, sai dai ba gishiri ba yaji, kana gama ci ka manta da shi. Kuma ba Kawu kaɗai ke faɗin haka ba. Bakanon da ya bar Yakasai ya koma Rijiyar Zaki, da mutumin Damagaram da ya bar Birni ya tare a sababbin filaye, duk za ka ji irin wannan ƙorafi a bakinsu. Turawa ma sun haura shekara sittin suna jayayya a kai. Shin unguwar bayan gari haka take tun fil azal, ba ɗanɗano ba armashi, ko kuwa akwai abin da ake hana ta? Duwala wuri ne da ya dace a auna wannan magana, domin a tafiya guda a kan bensikin, wato acaɓar garin, mutum zai ratsa bayan garin jiya, da na shekaranjiya, da na yau.

Abin da masu ƙorafi suke nufi

In ka zauna da masu cewa sababbin unguwanni ba su da armashi, za ka tarar ido ne ya fara gajiya. Layi ya miƙe ɗoɗar, katanga na bin katanga, ƙofa baƙa na bin ƙofa baƙa, an dasa fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a sama. Baƙo ya ɓata, ya rasa alamar da zai yi kwatance da ita, domin babu tsohuwar bishiya, babu shagon da aka san mai shi, babu masallacin da ake kira da sunan wani malami. Bayan ido sai kunne. Da hantsi unguwar ta yi tsit, masu gida sun tafi aiki tun duku-duku, yara suna makaranta mai nisa, ba ka jin guduma ko keken ɗinki ko tallar 'yan mata. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne rashin labari. A tsohuwar unguwa kowane lungu yana da abin da ya taɓa faruwa a cikinsa: nan aka ɗaura auren wance, nan gobara ta tsaya, nan malam wane yake karantarwa. A sabuwa kuwa hatta sunan wurin lamba ne. A kan tsohuwar hanyar fita daga Duwala akwai unguwannin da ake kira PK 8, PK 12, PK 14, wato adadin kilomitocin da aka auna a kan hanya. Mutum ya ce maka gidansa yana kilomita goma sha huɗu, ya gaya maka nisa, bai gaya maka wuri ba.

Duk wannan gaskiya ne, ni ma na gani da idona. Inda na rabu da masu ƙorafin shi ne hukuncin da suke yankewa, cewa bayan gari ba ya taɓa yin ɗanɗano. Tarihin unguwar da Kawu yake kewa ya isa ya rushe wannan hukunci.

New Bell ma bayan gari ce

A watan Yulin 1884 sarakunan Duwala, ciki har da Sarki Bell da Sarki Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Ba a je ko'ina ba Jamusawan suka ga tudun bakin kogin Wuri, inda iska ke kaɗawa kuma jiragen ruwa ke tsayawa, su ya kamata. A 1910 suka fito da shirin tashin mutanen gari daga bakin kogi a tura su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin Bature da baƙar fata, da hujjar kare lafiyar Turawa daga zazzaɓin sauro. Irin tunanin da Ingilishi suka yi aiki da shi ke nan a Nijeriya, inda suka ce a bar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Rudolf Duala Manga Bell, sarkin mutanen Bell na lokacin, ya tsaya kai da fata ya ƙi, ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agustan 1914. Filin da aka keɓe don a zuba mutanensa shi ne Jamusawa suka kira Neu-Bell, wato Sabuwar Bell.

Da wata ya zagayo, a Satumba, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Duwala, a 1916 kuma garin ya koma hannun Faransa. Yawancin mutanen Bell ba su yarda sun zauna inda aka jefa su ba, daga baya suka kafu a unguwar Bali. Filin da masu shi suka ƙi sai ya zama na baƙi. Hausawa suna cikin na farko-farko, fatake da suka biyo hanyar Adamawa ta Ngaundere da Banyo da Tibati da Yoko, suna cinikin goro da tufafi da hauren giwa da shanu, wasunsu sun iso bakin teku tun zamanin Jamus. Bamileke suka gangaro daga tuddan yamma, Basa da Ewondo da Bafiya suka zo aikin tashar jirgin ruwa da layin dogo, ga mutanen Legas da Dahomi da Togo da Senegal. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe ba ta kula su da titi ko famfo ko magudana ba. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a kan baƙin New Bell daga 1914 zuwa 1960, inda ta nuna yadda suka ƙirƙiri wuraren haɗuwarsu da zaman tarensu a gefen idon hukuma.

Ka duba sunayen sassan unguwar ka ga taswirar waɗanda suka zo: New Bell Haoussa, New Bell Bamiléké, New Bell Bassa, Congo, Lagos, sai Nkololoun da Kassalafam da Makéa da Ngangue. Bakano zai gane wannan salo nan take, domin haka Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa da Zangon Barebari suka samu sunayensu a cikin ganuwa. Sannan labari ya taru, mai daɗi da mai ɗaci. Mutanen New Bell suna tsakiyar yajin aiki da tarzomar Satumban 1945. A Mayun 1955 unguwar ta zama cibiyar boren da ya sa Faransa ta haramta jam'iyyar UPC mai fafutukar 'yancin kai a watan Yuli. Ranar 24 ga Afrilun 1960, wata huɗu bayan samun 'yanci, gobara ta cinye unguwar Congo a lokacin da zaman ɗar-ɗar ya shiga tsakanin maƙwabta, kuma har yau tsofaffi in sun zo kan wannan rana sai murya ta yi ƙasa. A lungunan nan Samuel Eto'o ya taso yana buga ƙwallo kafin ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka har sau huɗu. A 2010 mai zane Pascale Marthine Tayou ya kafa wata doguwar hasumiya ta tukwanen samira, ɗaya kan ɗaya, a shataletalen Shell New Bell, irin kwanukan da iyayenmu mata suke jerawa a ɗakin amarya. Wurin da aka zana don wariya, aka hana shi komai, yau shi ake kira zuciyar Duwala.

Daga ina gishirin ya fito?

Ba daga gini ba ne, wannan kam a fili yake. Gidajen New Bell na katako ne da kwano da bulo marar fenti, ba mai zuwa kallonsu. Wanda yake son ya gane sirrin ya kwana a sashen Hausawa ya fito da asuba. Kiran salla yana hawa kan kiran salla daga masallatai uku ko huɗu. Kafin a sallame mai shayi ya hura wuta, buta tana tafasa, ya jera dogon burodin nan irin na Faransawa da gwangwanayen madara. A benci guda za ka ga malamin allo, da ɗan dako Babasa, da ɗan bensikin Bamileke da bai cire hular kwano ba. Hira tana tsalle daga Hausa zuwa Fulatanci zuwa Faransanci zuwa Turancin buroka, ba wanda ya lura an sauya. Tela ya buɗe ƙofa ya jawo kekensa bakin hanya. Mai wankin hula ya kafa ƙwaryarsa. Wani dattijo ya tsaya ya ce an yi rasuwa a gidan wane, za a yi jana'iza bayan azahar, kafin hantsi labarin ya gama unguwa da baki kawai. Da yamma hayaƙin tsire ya tashi, naman da duk Kamaru take kira soya, masu saye kuma rabinsu ba Musulmi ba ne. Har kalmarmu ta mai gida ta shiga bakin mutanen kudu, suna kiran ɗan arewa magida.

In ka warware wannan safiya zare-zare, za ka ga abin da ya saƙa ta. Gida da sana'a ba su rabu ba, don haka unguwa ba ta zama kango da rana. Komai yana kusa, ana zuwa da ƙafa, kuma mai tafiya da ƙafa dole ya gaisa, ba kamar mai mota da ya ɗage gilashi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a nan maganar tana da ma'anarta ta zahiri. Salla tana fito da maza sau biyar a rana su haɗu da fuskokin da suka haɗu da su jiya. Sannan tsakanin cikin gida da titi akwai wani wuri na tsaka-tsaki, zaure ko dakali ko benci ko tabarma a inuwa, inda mutum yake gida kuma yake waje. Mai kuɗi da talaka suna layi ɗaya: Alhajin da ke sauke tirelar albasa katangarsa tana jingine da ta mai gyaran takalmi. Jane Jacobs, marubuciyar Amurka, ta yi bayanin kusan waɗannan abubuwa a littafinta na 1961 a kan manyan biranen ƙasarta, tana cewa titi yana samun aminci da rai ne daga yawan masu harka a kansa da masu kallonsa daga ƙofofinsu. Abin da ta gano da bincike, kakanninmu sun gina shi da zaure.

Kasuwar Dakar: shaida ta biyu

Wani zai ce New Bell ta haura shekara ɗari, dole ta yi ɗanɗano. To, ya zo mu je Kasuwar Dakar, wadda mutanen gari ke kira Marché Dakar, a gundumar Duwala ta uku. Da New Bell ta cika ta batse a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960, mutane suka malala kudu maso gabas zuwa wata fadama da ba mai so. Suka cike ta da ƙasa da shara da guntayen katako, suka kafa bukkoki, suka raɗa wa wuraren sunayen da suka ga dama: Nylon da Tergal, sunayen yadin da ake yayi a lokacin, sai Brazzaville da Madagascar da Dakar, sunayen wuraren da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Tun shekarun 1970 mazauna yankin suka kafa kwamitocin aikin gayya suna haƙa magudana suna yin gadojin katako. A shekarun 1980 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan, ta shigo da aikin gyaran yankin Nylon, aka fitar da manyan tituna. Mutanen New Bell na wancan zamani suna kallon wurin a matsayin daji.

Yau ka shiga kasuwar da damina. Taɓo har idon sawu, an shimfiɗa katakai ana bi ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana ɗiga daga bakin kwano. Ga matan da ake kira bayam-selam sun kasa ganyen ndole da miyondo da busasshen kifi da manja. Ga buhunan albasar da ta kwana da kwanaki a mota daga Marwa. Ga layin mahauta, mutanenmu, kowa da gungumensa da sikelinsa. Na tsaya a teburin wani da muka yi makarantar allo tare, sai ga wata mata Babamilekiya ta iso da jakarta. Ta ce masa magida, ya ce mata aso, yadda 'yan kasuwar Duwala ke kiran abokin cinikin da aka saba. Bai tambaye ta me take so ba, ya yanko mata wurin da ta saba saye, ya ɗora mata gyara, ta ɗauka ta tafi ba ta biya ba. Ya jawo wani littafi da maiƙo ya cinye gefensa ya rubuta. Ya ce mini mijinta wata uku ke nan ba aiki, kuma shekara goma sha ɗaya tana saye a wurinsa. Wannan littafi mai maiƙo shi ne armashin unguwa, in ana son a gan shi da ido. An same shi a fadamar da aka cike da shara, a cikin rayuwar mutum guda.

Unguwannin da aka zana da takarda

Akwai wani irin bayan gari kuma, wanda hukuma ta tsara. Kamfanin gidaje na SIC ya kafu tun 1952. A 1977 aka kafa MAETUR don yanka filaye da shimfiɗa musu titi da ruwa, da bankin Crédit Foncier don bai wa ma'aikata bashin gini. Daga nan Bonamoussadi da Makepe da Kotto suka fito a arewacin Duwala cikin shekarun 1980, benaye iri ɗaya da gidaje iri ɗaya, an yi su don masu albashi. Su ne ainihin abin da masu ƙorafi ke nunawa da yatsa. Amma ka je Bonamoussadi yau. Garejin mota ya zama shago, falo ya zama wurin ɗinki ko kantin magani, ga kasuwa, ga masallatai da coci-coci, ga masu gasa kifi da dare. Har mazauna sun raɗa wa wasu sassa Denver da Santa Barbara, sunayen da ake dangantawa da finafinan talabijin na Amurka da aka yi yayi a lokacin. Yaran da aka haifa a can yanzu iyaye ne, suna da nasu labarin lungu-lungu, kuma in sun koma sababbin unguwanni irin su Logbessou ko Japoma su ma kewa suke yi.

Haka abin ya kasance a wasu ƙasashe. Tsakanin 1947 da 1951 wani kamfani ya gina gidaje fiye da 17,000 kusan iri ɗaya a Levittown, kusa da birnin New York, marubuta suka yi ta kushe wurin suna cewa zai mayar da mutane kamar an buga su a inji. Masanin zamantakewa Herbert Gans ya sayi gida a wata Levittown ɗin ta jihar New Jersey a 1958, ya zauna cikinsu, ya fitar da littafinsa a 1967. Ya tarar da mutane suna kafa ƙungiyoyi, suna ziyartar juna, suna rigima a kan makaranta da haraji kamar kowace al'umma. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Fagge zango ce a wajen ganuwar Kano inda ayari ke sauka, yau Kantin Kwari yana cikinta. Sabon Garin Kano an kafa shi a 1913 don baƙi. Sabo ta Ibadan an keɓe wa Hausawa ita a 1916. Briqueterie ta Yawunde ma unguwar baƙi ce. Bahaushen da ya bar ƙasarsa kusan ko'ina a bayan gari ya fara sauka, kuma ko'ina ya mayar da bayan garin wurin da ake marmarin zuwa. Kalmar zango kanta shaida ce: masaukin kwana biyu da ya zama gida.

Kada kewa ta rufe mana ido

Duk da haka, zalunci ne a yabi tsohuwar unguwa a ɓoye abin da ya kori mutane daga cikinta. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, ya ninka na Kano fiye da sau uku. A lungunan New Bell da Nylon wannan ruwa yana shiga ɗaki ya ɗaga katifa, ya haɗa masai da rijiya. Annobar kwalara da ta auka wa Duwala a 2004 a irin waɗannan unguwanni masu cunkoso ta fi ɓarna. Gobara in ta tashi, motar kashe ta ba ta da hanyar shiga. Iyali mai mutum tara a ɗaki biyu, yarinya ba ta da inda za ta yi karatu, matar gida ba ta da sirri. Sanin juna ma yana da ƙayarsa, sa-ido da tsegumi da takura wa wanda ya bambanta. Sau da yawa mai yabon armashin lungu baƙo ne da zai koma ya kwana a wuri busasshe. Kawu bai yi laifi ba da ya nemi inda jikokinsa za su yi wasa ba a bakin kwata ba. Talauci ba ado ba ne, kuma duk wanda ya ce a bar mutane cikin taɓo don unguwa ta ci gaba da burge masu wucewa bai san zafin taɓo ba.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Shin sai mu ce a yi haƙuri kawai, lokaci zai zuba gishirin? A nan ne nake jin tsoro, domin lokaci yana aiki ne inda aka bar masa ƙofa. Ƙidayar 2005 ta sami mutum kusan miliyan 1.9 a Duwala, kuma tun daga nan garin yake ta cin daji ta Yassa da Japoma, inda aka gina filin wasa mai ɗaukar mutum 50,000 don gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Yawancin filayen nan masu ƙasa ne ke yankawa suna sayarwa taku-taku. Ba a barin filin kasuwa, ba a barin na makaranta ko na wasan yara ko maƙabarta, wani lokaci hanyar ma da ƙyar mota ɗaya take wucewa. Wanda ya saya kuma abin da yake fara ginawa katanga ne, tun kafin ɗaki, saboda tsoron ɓarayi da masu cin iyaka. Zaure ya ɓace daga zanen gidajenmu, falo ya maye gurbinsa a can ciki, inda sai wanda aka gayyata yake isa.

Ga kuma nisa. Mutumin da zai tashi kafin asuba don ya tsere wa cunkoson mahaɗar Ndokoti, ya dawo bayan isha'i a gajiye, kwana kawai yake yi a unguwarsa. Ba ya sallar jam'i a can, ba ya sayen komai a can, bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba. Sannan farashin fili yana tace mutane, masu hali a gefe guda, marasa hali a wani gefen, ta yadda tela da mai shayi da malamin allo, waɗanda su ne ke riƙe da unguwa da rana, ba su da wurin zama a kusa. Jamusawa sun bar kilomita guda tsakaninsu da mutane da ƙarfin doka. Abin baƙin ciki ne a ce mu da kuɗinmu muke sake gina wannan tazara, kowa a ƙofar gidansa.

Saboda haka amsata ita ce: bayan gari ba lami ba ne don yana bayan gari, kuma ba don sabo ne ba. Yana zama lami ne in an gina shi don kwana kaɗai. Maganin kuma ba ya buƙatar mu koma cikin taɓo. Hukumar birni ta tilasta wa masu yanka filaye su bar wurin kasuwa da makaranta da filin yara da maƙabarta kafin a sayar da taku ɗaya. A bar mutane su buɗe ƙananan shaguna a jikin gidajensu. Attajiranmu da ke gina gidajen haya su haɗa da ɗakunan da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa. Sarakunan Hausawa da limamai su bi jama'arsu zuwa inda suka koma, kada su jira sai an zo musu New Bell ranar Juma'a. Mai gini kuma ya ce wa magininsa ya fitar masa da zaure, ko da ɗan ƙarami ne.

Bayan wata takwas na koma Yassa. Tun daga nesa na hango abin da babu shi a da. Kawu ya sa an yi masa dakalin siminti a jikin katanga ta waje, an kafa rumfar kwano a kai, ya kuma fito da kan famfo ɗaya daga rijiyarsa zuwa bakin hanya. Yara biyar suna layi da jarkoki. Wata maƙwabciyarsa Babasa ta kasa soyayyen ƙosai a gefe. A kan dakalin akwai tabarma da buta biyu, domin magina 'yan arewa da ke aiki a layin sun gano wurin, suna zuwa azahar da la'asar, Kawu yana ja musu salla. Ban kira shi a waya ba, yana zaune a waje ya gan ni tun daga kwana.

Na ce, "Kawu, yaya unguwa?"

Ya matsa mini wuri a tabarma. Ya ce, "Da saura, ɗana. Amma jiya wani ɗan bensikin ya kawo mini baƙo daga Ndokoti, ba da lambar gida ba. Ce masa kawai aka yi ya kai shi famfon Alhaji."